Ruwa, gishiri da kanwa ga dokin doguwar tafiya

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan uwana masu dawaki na ƙasar Ringim, ga bazara ta kama, zafi yana haura digiri 40, shi ya sa yau za mu tsaya a kan shan ruwan doki.

Dokin da ke ɗaure a turke yana shan lita 25 zuwa 40 a yini, wato jarka ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Idan yana sukuwa cikin rana kuwa, gumin da zai zubar a awa guda yakan kai lita 10 zuwa 15. Gumin doki ya fi jininsa gishiri, don haka ruwa da gishiri tare suke fita, jikinsa ba ya saurin gaya masa yana jin ƙishi. Za ka kai shi bakin rijiya ya kau da kai, alhali a bushe yake.

Kada ka jira shi. Tsunkuli fatar wuyansa ka saki. In ta wuce daƙiƙa biyu ba ta kwanta ba, da matsala. Ɗaga leɓensa ka danna dasashi da yatsa, jan ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Dasashi mai danƙo da fitsari kaɗan mai duhu, duk alama ce.

Gishirin miya cokali biyu na cin abinci a kullum, a cuɗa da jiƙaƙƙiyar dusa. Ranar tafiya a ƙara, amma kashi-kashi, kuma sai bayan ya sha ruwa. In ka ɗura wa busasshen doki gishiri, ruwan jikinsa zai janyo zuwa hanji, ka ƙara masa wahala. Harawa tana mayar masa da fotashiyam da kalsiyam, sinadaran da su ma gumi ke fitarwa, kada a hana shi ita a zango.

Sai kanwa, kuma ku saurara da kyau, domin na san mun gaje ta. Kanwa ba ta maye gurbin gishiri. Abin da gumi ya fi kwashewa shi ne kuloraid, wato sinadarin da ke cikin gishiri, kanwa kuwa galibinta soda ce, tana ƙara ɓata daidaiton sinadaran jinin dokin da ya jigata. Daga nan za ka ga kwiɓinsa yana harbawa kamar mai shaƙuwa, daidai da bugun zuciya. Ka gani, sauka, kwance majayi, cire sirdi, kai shi inuwa, a kira likitan dabbobi.

Maganar cewa dokin da ya yi gumi ba ya shan ruwa sai ya huce, a bar ta. A ba shi duk inda aka tarar da ruwa mai tsabta, a riƙa kwara masa a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi har numfashinsa ya sauka.