Dum, dum, tas: waƙar minti biyu da ta kawo ni Wembley

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙugin iska, yau Landan ta tashi da halinta, sanyi har cikin ƙashi. Fitowarmu ke nan daga tashar Wembley Park, ni da ɗan yayata, shi ke riƙe da waya. Kai, ɗaga ta sama su gani. Wancan farin ƙarfen da ya lanƙwashe kamar baka, tsayinsa mita 133, a ƙarƙashinsa kuma filin Wembley ne, mai cin mutum 90,000. Yau babu wasa, ƙofofi a rufe suke. Waƙa ce ta fito da ni cikin wannan sanyin, waƙar da duka-dukanta minti biyu ce.

Kun san ta, ko da ba ku san sunanta ba. A buga ƙafa sau biyu, a yi tafi sau ɗaya, a ɗan tsagaita, a sake. Dum, dum, tas. Sunanta We Will Rock You, ta mawaƙan nan na Ingila da ake kira Queen, kuma a watan Oktoban 1977 ta fito. Ni a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu a Kano na fara jin ta, ana hutun rabin lokaci, muna ta dukan benci har mai gidan kallon ya rantse zai kashe janareta. Ba wanda ya san mai ita a cikinmu. Mu dai mun ɗauka kiɗan talla ne.

Sai da na zo ƙasar nan na bi diddigi. Su huɗu ne: Freddie Mercury mai murya, Brian May mai jita, Roger Taylor mai ganguna, sai John Deacon. Brian May ne ya rubuta wannan. Yadda abin ya samo asali shi ne, a watan Mayun 1977 sun yi wasa a wani zaure mai suna Bingley Hall a garin Stafford. Sun gama sun sauka, maimakon jama'a su yi ihu da tafi kamar yadda aka saba, sai suka ɗauki waƙar nan ta magoya bayan Liverpool, You'll Never Walk Alone, suka rera musu ita da baki ɗaya. Abin ya tsaya wa May a rai. Ya yi ta tunani: mutanen da aka cusa a zaure kamar kifin gwangwani, ba su da wurin juyawa balle rawa, me za su iya yi tare? Ƙafa dai tana taɓa ƙasa. Hannu yana iya ɗagawa sama. Baki kuma yana nan. Da waɗannan ukun ya gina waƙar.

Tsaya a nan, bari in gwada musu a kan matattakalar nan. Dum, dum... Kun ji? Ai ba ku ji komai ba. Siminti ne, ya haɗiye ƙarar, ni kuma diddigena ya ji a jikinsa. Daina dariya, kai. To wannan ne ya kawo mu ga abin da ya fi burge ni.

Ku je ku saurari asalin waƙar da kyau, babu ganga ko ɗaya a cikinta. Ƙungiya mai makaɗin ganguna kamar Roger Taylor, amma aka ce ya ajiye sandunansa. A situdiyon Wessex suka ɗauke ta, wani tsohon zauren coci a unguwar Highbury. Eh, Highbury ɗin da kuka sani, 'yan Arsenal a kwantar da hankali, ba ku ne kuka rubuta ba. A can suka tarar da tsofaffin katakai a yashe, suka tara su, suka hau suna dirka musu ƙafa suna tafi, ana naɗa, ana sake naɗawa a kan na farko.

Amma ko sau nawa mutum huɗu suka buga, za ka ji mutum huɗu ne. A nan karatun May ya yi masa rana, don shi masanin kimiyyar sararin samaniya ne. Ya fara digirin digirgir a jami'ar Imperial College ta Landan, ya ajiye saboda kiɗa, bai koma ya kammala ba sai 2007. Sai ya yi lissafi: idan kana tsakiyar mutum dubu suna buga ƙafa, ƙarar na kusa da kai ce za ta riga shiga kunnenka, ta na nesa ta biyo baya kaɗan, tana raguwa. Ya ɗauki kowane bugu ya maimaita shi da ɗan jinkiri, kuma tazarar jinkirin ya ɗora ta a kan lambobin nan da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, irin su 7 da 11 da 13, don kada maimaicin ya riƙa faɗawa a kan juna kunne ya gane amsa-kuwwa ce. Shi ya sa idan ka sa abin ji a kunne, sai ka ji kamar an jefa ka tsakiyar taro, alhali taron babu shi. Sun ƙirƙiro taron a ɗaki tun kafin taron gaskiya ya zo ya karɓa.

Ranar da na fara shiga taron gaskiyar kuwa, na sha kunya. Wani filin ƙwallo ne, ba wannan ba, shekarata ta farko a ƙasar nan. Aka saki waƙar ta lasifika, kujerar da nake kai ta fara rawa. Na miƙe da zumuɗi, sai ga ni ina cike gurbin shirun nan da ƙarin tafi, kamar mai amsa kalangu. Wata tsohuwar Baturiya a gefena, da jar hula ta saƙa da kofin shayi a ajiye tsakanin ƙafafunta, ta kama hannun rigata, ta ɗaga yatsu uku, sannan ta dunƙule hannu. Wato uku ake bugawa, na huɗun a bar shi. Ba ta ce mini uffan ba. Da na bar shi, sai na ji abin da take nufi: a cikin wannan ɗan shirun kana jin numfashin dubban mutane, kowa ya ɗaga ƙafa yana jira.

Ina tsaye a wurin sai tsakar gidanmu ta faɗo mini a rai. Wanda ya tashi a gidan da ake daka ya san lugude. Mata biyu ko uku a kan turmi ɗaya, wannan ta sauke taɓarya, waccan ta sauke, sai ɗaya ta cilla tata sama, ta tafa, ta cafe kafin ta faɗo. Gwaggota gwana ce, tana tafawa sau biyu ma idan ta ga muna kallo. Ban ce May ya taɓa ganin turmi ba, kada wani ya ɗauki maganata ya ce Bature ya sace mana kiɗa. Abin da nake cewa shi ne, jikina ya riga ya san wannan bugun tun ina rarrafe, shi ya sa ko a gidan kallo ba wanda ya koya mana.

Akwai kuma abin da na yi shekaru ban lura da shi ba. Na ɗauka kirari ne tsantsa, irin na ɗan dambe kafin ya shiga fage. Sai wani dare ina dawowa daga aiki a bas, na natsu na bi baitocin. Uku ne. Na farko yaro ne yana wasa a titi yana hayaniya, yana mafarkin zama babban mutum. Na biyu saurayi ne mai tsaurin ido, yana ihun zai kara da duniya. Na uku tsoho ne talaka, abin da yake roƙo kawai kwanciyar hankali. Kuma lakar da ke fuskar yaron, ita ce dai a fuskar tsohon, ba ta goge ba. Mutum ɗaya ne, rayuwarsa kaf cikin minti ɗaya da rabi, kuma bai ci komai ba. Amshin ne kaɗai ke cika baki. Na zauna a bas ɗin nan ina kallon hannuna, ina lissafin a wane baiti nake. Ina jin na fita daga na biyu.

Jita ba ta shigowa sai an kusa rufewa, kamar daƙiƙa talatin na ƙarshe. Ita ma jitar da labarinta. May da mahaifinsa ne suka sassaƙa ta a gida tun 1963, don ba su da kuɗin sayen ta kanti, wuyanta daga katakon wani tsohon murhun ɗumama ɗaki aka fitar. Har yau da ita yake wasa. Kuma kun san da me yake kaɗa ta? Da sisi. Wallahi sisin da kuka sani, tsohon kwabbai shida na Ingila, wanda muke cewa ba ni da ko sisi. Mutumin da ya mallaki abin da ya mallaka, da sisi yake cin abinci.

Juyo da wayar nan wajen filin. Ginin da kuke gani a 2007 aka buɗe shi. Tsohon, mai hasumiya biyu, a nan wurin yake kafin a rushe. A cikinsa, ranar 13 ga Yulin 1985, aka yi gagarumin wasan tara kuɗi saboda yunwar Habasha, mutum 72,000, kuma Queen suka samu kusan minti ashirin. Ko waƙar ba su yi duka ba, baiti ɗaya Freddie ya ja, jama'a suka ƙwace amshin. Shi Freddie a Zanzibar aka haife shi a 1946, iyayensa suka yi ƙaura zuwa Ingila a 1964, ya rasu a 1991. Wata rana zan kai ku unguwar Feltham da ke yammacin Landan ku ga gidan da suka sauka.

Tsaya, tsaya. Ga wani faffaɗan katako can da magina suka shimfiɗa a kan rami. Zo mu gwada a nan. Dum, dum. Yawwa! Ka ji bambanci? Bari in sake. Dum, dum...

Jama'a, ba ni na yi wannan tafin ba. Wancan mai rigar aikin ne a saman ƙarafa, ko juyowa bai yi ba. Ka kama shi a hoto?

Wai cajin waya saura kashi uku, kuma yatsunsa sun sandare. To, Kawu ya ji. Mu je in saya maka shayi.