Cocin dutse a bakin Kogin Red

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, nan Manitoba ce a Kanada, fili fetal, ba tudu ba dutse da zai tare ta. Na baro Winifeg da safe, na yi arewa kamar tafiyar rabin awa, ga ni a gaban cocin Angilika na St. Andrew's, dab da Kogin Red.

Ku dubi bangon nan. An fara ginin a 1845, aka gama a 1849, kuma har yau ana ibada a ciki. Duk yammacin Kanada babu cocin dutse da ya kai shi daɗewa ana amfani da shi. Limamin da ya tsaya a kan aikin sunansa William Cockran, kabarinsa ma yana maƙabartar nan ta gefe. Maginin kuwa Duncan McRae ne, mutumin Sikotlan, wanda ya faɗo daga saman ginin ya samu rauni. Farin dutsen nan duk a yankin aka fasa shi. Tagogin masu tsini a sama da hasumiyar ƙofa salon Ingila ne, amma ba wani ado, gini ne na mutanen da suka san sanyi.

Bari mu shiga, zan rage murya. Kun ga abin da ake durƙusawa a kai lokacin addu'a? Fatar ɓauna ce! Wallahi sai da na shafa. Masu ibadar farko yawancinsu tsofaffin ma'aikatan kamfanin fatu na Hudson's Bay ne da iyalansu 'yan Metis, wato masu jinin Turawa da na 'yan asalin ƙasar, mutanen da suka san farautar ɓauna.

Abin da ya tsayar da ni shi ne, CMS, ƙungiyar mishan ta Angilika daga Ingila da ta turo Cockran, ita ce dai ta je Wusasa a Zariya. Can cocin St. Bartholomew da laka aka gina shi, ginin Hausa sak, nan kuma dutse da fata. 'Yan Zariya, wanda ke kusa ya ɗauko mana hoton na Wusasa mu jera su.

Yatsuna sun ƙage, bari in koma mota.