Rim da tayar daji a kan kwalta: me doka ke dubawa?

Kalli gefen tayar dajinka da kyau. Kafin ka hau kwalta da ita, rubutun da ke jikinta za ka fara karantawa, domin shi jami'i ke dubawa.

A Amurka, tayar da aka yarda ta hau titi tana ɗauke da haruffan DOT. A Turai kuwa harafin E ne cikin da'ira, da lambar ƙasar da ta amince da ita. Idan ka ga an rubuta NHS, masana'antar da kanta ta ce ba ta titi ba ce. Irinta ta fi yawa a baburan tseren daji da masu ƙafa huɗu. Manyan haƙoranta na kama laka da yashi, amma a kan kwalta roba kaɗan ce ke taɓa ƙasa. Tana saurin zafi, birki na jan nisa, in an yi ruwa kuma sai santsi.

Tayar laka mai alamar M/T da yawa suna da izini. Sai dai duba harafin gudu. Q na nufin iyakar gudun tayar kilomita 160 ne a awa, N kuma 140, ko da injin motar ya fi haka ƙarfi.

Inda maganar ta fi tsanani shi ne rim ɗin da ake kira bidlok. A rim na gama-gari, iska ce ke danne bakin taya a mazauninsa. A bidlok, zoben ƙarfe ne ke matse bakin da kusoshi, galibi 24 ko 32. Shi ya sa direba ke iya sauke iska ƙasa da psi 10 (ma'aunin ƙarfin iskar taya) a cikin rairayi, taya ba ta zame ba. A sahara wannan babbar gata ce. A babban titi kuwa kowane ƙusa abin lura ne. Ana ɗaure su bi da bi, wannan sannan wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen zoben, da sifana mai auna ƙarfi, kuma sai an riƙa sake dubawa. Ɗaya ya saki, nauyi ya koma kan na kusa da shi, su ma su karye, iska ta fice lokaci guda ana tsaka da gudu. Saboda haka yawancin masu ƙera shi ke rubuta cewa na daji ne kawai. A Amurka hukuncin ya danganta da jiha. A Jamus, rim ɗin da ba shi da takardar amincewa ko gwajin TÜV (masu duba lafiyar motoci) na iya soke izinin motar, ya jawo rigima da kamfanin inshora.

Sai faɗi da tsayi. Ƙasashe da dama na so madigadi ya rufe taya, don kada ta watsa tsakuwa ga na baya. Rim mai turo taya waje yana kuma cin boris da wuri. Idan ka tashi daga taya mai tsayin inci 31 zuwa mai 33, agogon gudu zai nuna 100 alhali kana kan 106.

Mai sayen tayar gwanjo don Hilux ko Land Cruiser a Kano ko Agadas, ka nemi lambobi huɗu na ƙarshen layin DOT. 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Jami'an FRSC, hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, na cin tarar mai tayar da ta tsufa ko ta suɗe, komai kaurin haƙoranta a da. Rim kuma, juya bayansa ka karanta nauyin da aka buga masa, ka gwada da nauyin motarka da kayanta.