"Ina Rana Take Lokacin Da Ka Danna?" Lacca Ga Masu Koyon Ɗaukar Hoton Mutum A Waje

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla. Wanda ya shirya zaman nan ya ce min minti talatin, na ce masa to, amma shi ma ya san halina.

Abu huɗu na zo da su a kan yadda za ka duba hoton ɗan koyo ka gaya masa gaskiya, da yadda shi kuma zai karɓe ta. Hoton mutum nake nufi, wanda aka ɗauka a waje da hasken rana.

Na farko. Yaro ya ɗauki abokinsa, ya kawo mana waya yana rawar jiki, "manya a duba min." Me muke cewa? Masha Allah. Allah ya ƙara basira. Addu'a ce, ni ma ina so, amma ya tafi da ita gida gobe ya sake tafka kuskuren jiya. Mu mutane ne masu kara, muna jin nauyin mu ce wa mutum aikinsa da gyara. Sai kuma ɗaya gwanin, wanda zai taɓe baki ya ce, "wannan ai shirme ne, je ka sayi kyamarar Canon." Su biyun nan duk ragwaye ne, ba wanda ya tsaya ya kalli hoton a cikinsu.

Ni ubangidana, Allah ya jiƙansa, a zamanin kyamara mai fim na zauna da shi. Hoto 36 ne a naɗi guda, kowanne kuɗi ne, kuma sai an wanke za ka ga ɓarnar da ka yi. In na kawo masa, ba ya cewa ya yi kyau, ba ya cewa bai yi ba. Sai ya ɗaga shi, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ina rana take lokacin da ka danna?" Shi ke nan. Ranar farko na ce, a sama mana. Ya ce, "Na gani, ga ta nan a ƙarƙashin idon mutumin." (Dariya.)

To ku tsaya a nan, don wannan tambayar ita ce rabin laccar. Ku ɗauki hoton da duk kun taɓa yi, kar wanda ya musa. Juma'a, an sauko daga masallaci, wajen ƙarfe biyu. Abokinka ya sha farar shadda, ya kafa hula, ya ce ɗauke ni. Rana tana bisa kai. Mu a nan ranar tsaka ba ta karkata sosai, daga sama take dukan mutum. Goshi da hanci suna ƙyalli, ramin ido ya zama rijiya, inuwar hanci ta sauko kan leɓe, shi kuma ya runtse ido kamar an ba shi maɗaci. Wannan ɗaya. Na biyu, kyamara ba ta san shadda ba. Ita duk abin da ta gani so take ta mai da shi tsaka-tsaki, toka-toka. Ta ga fari ya cika wuri, sai ta ce haske ya yi yawa, ta rage. Riga ta fito tas, har aikin wuyan ana gani, fuskar mai rigar kuwa ta nutse. Ka ɗauki hoton shadda, mutumin ya zo rakiya.

In ka ce wa yaron nan "fuskar ta yi duhu", gaskiya ka faɗa, amma shi ma yana da ido, ya gani. Tambaye shi inda rana take. Da ya amsa, shi da kansa zai gano. Sannan ka ba shi abin da zai yi gobe da ƙafarsa: ka ja abokinka bakin zaure, ya tsaya daga ciki taku ɗaya, yana fuskantar waje. Rana ba ta taɓa shi, hasken da ke tashi daga ƙasa da bango shi ke shafa fuskar, bayansa kuma duhun zaure. Ka taɓa fuskar a allon wayar, ka ɗan ja hasken sama. Ko ka ba ƙaninka farin kwali ya riƙe daga gefe. Kwali fa, na shago. Ba ka ce ya sayi komai ba.

Kuma kar ku ce min inuwar bishiya. Darbejiya mayaudariya ce, hasken yana ɓullowa ta tsakanin ganye, mutum ya fito dabbare-dabbare kamar damisa. Inuwar gini ta fi. Ko ku jira la'asar sakaliya, ko hantsi kafin rana ta yi ƙarfi. Lokacin hunturu kuwa, hazon nan da kowa ke tsinewa, mu mai hoto kyauta ce aka ba mu, ya tace rana kamar an shimfiɗa mata farin mayafi. Sai dai ku rufe kyamara, ƙura ba ta da mutunci.

Akwai wani mai hoto a Bamako, Seydou Keïta, ya buɗe wurinsa a 1948, ya rasu a 2001. Yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, labulen bayansa na farko ma abin shimfiɗar gadonsa ne. Ku nemo su ku kalli yadda baƙar fata ke sheƙi a ciki, ga zane mai ado, ga fuska ba ta ɓace ba. Yau hotunan nan suna rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka. Mutumin ya san inda rana take. Alhaji na ga kana duba agogo, na kusa.

Na uku. Ko na biyu ne? Duk ɗaya. Gyara ɗaya ake ba ɗan koyo a zama guda. Ka ga falwaya ta tsiro daga kan mutumin, ga leda a ƙasa, ga akuya ta leƙo, an yanke masa ƙafa daidai idon sawu, an matsa da waya har hanci ya kumbura, domin babban idon waya mai faɗi ne, abin da ya fi kusa shi yake girmamawa. Duk ka gani. Zaɓi wanda ya fi ɓata hoton, sauran ka bar wa wani mako. Kuma abin da ya yi daidai ka kira sunansa: "yadda ka jira ya saki fuska kafin ka danna, riƙe wannan." In ba ka faɗa ba bai san ya yi ba.

Ku kuma masu karɓa, da sauri. Kawo hoto ɗaya ko biyu, kar ka juye min arba'in. Faɗi abin da ka so yi. In ta WhatsApp ne, turo shi a matsayin fayil, don in ba haka ba yana matse shi, in zarge ka da dishi-dishin da ba naka ba. In ana magana ka yi shiru, ban da "ai sauri muke", ban da "ai shi ya ƙi tsayawa". Mai kallo ba ya wurin. Sai ka koma ka sake ɗauka ka dawo da shi. Na huɗun… Hajiya, akwai tambaya?

(Wata daga cikin mahalarta ta ce ta ɗauki wata amarya a inuwa, 'yan'uwanta masu hoto sun yaba, amma amaryar ta ce an mai da ita baƙa, a haska ta.)

Yawwa. Ƙanwata, kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi, na huɗun ya tafi ke nan. Ita ma amaryar gyara ta ba ki, kuma da kuɗinta, kar ki raina. Fara duba ko tana da gaskiya. Sa hoton kusa da fuskarta a hasken taga. In ya fi ta duhu, laifin lissafin hasken ne, wato naki. Matsalar ma tsohuwa ce. Kamfanin Kodak, mai yin fim ɗin kyamara, ya daɗe yana ba masu wanke hoto wani kati da suke daidaita launi da shi, hoton Baturiya ne a jiki, ana ce masa katin Shirley. Da farar fata aka auna injin, mu muka sha wahala.

In kuwa hoton daidai yake da ita, ita ce ta saba ganin kanta a wayar da ke wanke fuska, to nan sai lallashi. Ni abin da nake yi, ina fitar da biyu. Ɗaya yadda take, na ɗaga haske kaɗan a ido da kumatu. Ɗaya yadda ta nema, amma ba na kai shi inda wuya da hannu za su saɓa da fuska. In ajiye mata, in ce ta nuna wa mahaifiyarta. Wani lokaci ta ɗauki nawa, wani lokaci nata. In ta ɗauki nata, in ba ta, amma ba na sa sunana a jiki. (Dariya.)

An kira la'asar ko? To mu tashi. Bayan salla kowa ya fito da wayarsa mu haɗu a bakin ƙofar nan ta gabas, ku kasu biyu-biyu. Kai mai farar riga, kar ka gudu, da kai za mu fara.