Motar Fiffike a Tafin Hannu

Assalamu alaikum masu kallo. Ku dubi 'yar motar wasan nan da kyau. Hanci mai tsini, ga fiffike a baya ya miƙe sama ya kamo rufi. Tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, kuma a kantunan Amurka da dala 2 za ka ɗauko ta har a ba ka canji. Uwarta ta gaske kuwa, ranar da ta fito gwanjo, sai mai dubban ɗaruruwan daloli ne ke ɗaga hannu. Sunanta Dodge Charger Daytona, ƙirar 1969.

Me ya kawo fiffike a motar titi? Tsere ne. Hukumar NASCAR, mai shirya tseren motoci a Amurka, ta ce duk motar da za ta shiga gasa, dole kamfani ya ƙera aƙalla 500 irinta ya sayar wa jama'a. Sai Dodge ya ƙera 503, iyakar abin da zai fisshe shi ke nan. A watan Maris na 1970, direba Buddy Baker ya hau ɗaya a filin tseren Talladega ya haura mil 200 a sa'a, wato sama da kilomita 320. Kamfanin Plymouth ma ya fito da tasa, Superbird ƙirar 1970, kusan guda 1,920, kuma da ita ya janyo shahararren direba Richard Petty ya dawo tuƙa masa mota. Daga 1971 aka taƙaita girman injin irin waɗannan motoci a gasa, shi ke nan zamaninsu ya wuce. Abin dariyar, a lokacin mutane ganinsu suke munana. Wasu Superbird sun daɗe jibge a wajen diloli babu mai tayawa.

To wanda ba shi da kuɗin uwar, sai ya nemi 'yar. A nan maganar sikeli ke shigowa. In ka ga an rubuta 1:18 a jikin kwali, an raba tsawon motar gida 18 ne aka ɗauki ɗaya. Daytona ta haura mita biyar da rabi, saboda haka 'yarta za ta kai wajen santimita 32. Wannan ita ce mai buɗe ƙofa da bonet, ka leƙa ka ga injin Hemi 426 an shafe shi da fenti ruwan lemo, har da wayoyin filogi. Kamfanoni irin su Ertl da Auto World sun yi suna a kanta. Akwai 1:25, ta roba, wadda ke zuwa gunduwa-gunduwa daga AMT ko Revell, kai za ka haɗa da gam ka yi fenti. Sai ƙaramar, 1:64, gidan Hot Wheels, motocin wasan da kamfanin Mattel ya fara da guda 16 a 1968. Ita kam kada ka ɗauko ma'auni, don an daidaita ta ne ta shiga kwalinta, ta kuma gudu a kan layin wasanta.

Yanzu matso kusa, a nan ake gane mai ido. Daga nesa Daytona da Superbird kamar Hassana da Hussaina suke, amma ba ɗaya ba ne. Superbird ta titi rufinta lulluɓe yake da wata leda mai kauri, an sa ta ne don ta rufe tabon aikin da aka yi wajen sauya gilashin baya. Daytona fenti ne zalla. Fiffiken Superbird ya fi kwanciya baya, a gefensa akwai hoton tsuntsun katun mai suna Road Runner riƙe da hular kwano, sannan an rubuta Plymouth da manyan baƙaƙe a kwiɓi. Daytona kuma ɗamara aka zagaya mata a ƙugu da sunanta a ciki. Duba saman tayoyin gaba: akwai wasu 'yan tudu biyu da bakinsu ke kallon baya. Kamfanin da ya manta da su, ko ya ɗora rufi mai sheƙi a Superbird ta titi, ya yi aikin gaggawa, kome kyan kwalinsa.

Ga kuma inda sabbin shiga ke asarar kuɗi. Suna ɗauka tunda uwar ta yi ƙaranci, 'yar ma za ta yi tsada. Ina! Daytona 503 aka ƙera, amma 'yan wasanta an buga su ba adadi. Kasuwar ƙananan motoci ruwanta daban: guda nawa aka buga na wannan launi, a wace shekara, kuma yaya lafiyarta. Hot Wheels na farko masu jan zobe a taya, daga 1968 zuwa 1977, su ake rububi. Sai waɗanda ake kira Super Treasure Hunt, da aka fara a 2007, masu tayar roba ta gaske da fenti mai walƙiya, waɗanda ake cusa ƙalilan a cikin katan-katan na gama-gari. Kuma wadda ake yi wa kallon sarauniyar tsada a Hot Wheels ko kusa ba motar tsere ba ce. Bas ce ta Volkswagen, ruwan hoda, samfurin gwaji na 1969, da ake ƙiyasta ta sama da dala 100,000.

Ajiya ita ma aiki ce. Jikin motocin nan haɗin tutiya ne da wasu ƙarafa. In an samu gurɓatar dalma a wajen narkawa, bayan shekaru sai ƙarfen ya kumbura ya tsattsage, kuma ba shi da magani, don haka ka duba gefen ƙofa da bonet kafin ka biya kuɗin tsohuwa. Rana na kashe fenti, tana mayar da ledar kwali rawaya. A zafi irin namu na bazara, tayar roba kan yi laushi ta manne da abin da aka ɗora ta. Ƙurar hunturu kuma kada ka goge ta da tsumma, buroshi mai laushi za ka sa.

Saura rigimar da ta raba masu tarawa gida biyu: a farke kwali ko a bar shi? Wanda ba a buɗe ba ya fi daraja a kasuwa, wannan ba musu. Ni dai a ganina, in ta dala 2 ce, sayi biyu, ka rataye ɗaya a bango, ɗayar ka farke ka ba ta hanya a kan tebur.