Na Sauya Wa Tsohon Peugeot Ɗina Giya Don Ya Iya Hawan Tudu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau a ƙarƙashin bene muke, ɗakin da aka ware wa kekuna, sai ku yi haƙuri da hasken, ƙwan fitila ɗaya ne, ga kuma sanyi. Ga mutumin nan a rataye: Peugeot ne na tsere, ƙirar shekarun 1970, ƙarfe zalla. Tun da na zo Liyon nake hawansa, kuma a miƙaƙƙen titi ba ni da ta cewa. Amma garin nan na Faransa tuddai gare shi, duk ranar da hanya ta bi da ni ta kansu sai na sauka na tura, tsofaffi suna wuce ni suna murmushi. 'Yan tsere aka ƙera wa shi, ni kuwa gwiwata ba ta 'yan tsere ba ce.

Bari in matso da kyamara. Kafin ka sayi ko noti ɗaya, ƙirga haƙora. Ina ɗiga alli a haƙori guda don kada lissafi ya ɓace min. Babban farantin gaba 52, ƙaramin 42. A baya firiwil ne, wato jerin farantan haƙoran da sarƙa take hawa, mai hawa biyar, daga haƙora 14 zuwa 24. Giyata mafi sauƙi ke nan 42 a gaba, 24 a baya. Raba 42 da 24, ka sami 1.75, wato duk zagayen feda ɗaya taya tana juyawa sau ɗaya da kwata uku. Taya irin wannan tana cin kusan mita 2.1 a juyi ɗaya, don haka kowane zagaye ina tura kaina da keken mita 3.7. A kan tudu wannan azaba ce. Hanyar rage ta biyu ce: ka ƙara haƙoran baya, ko ka rage na gaba. Ni duka biyun na yi.

To ga inda na sha ƙasa, kuma ba laifin kowa ba ne sai gaggawata. Na sayo sabon firiwil mai 14 zuwa 28, na ɗaura a kan hob, wato cibiyar ƙafar baya, ya shiga salin alin, har ina yaba wa kaina. Na hau, na taka da ƙarfi sau ɗaya, sai ji na yi ƙarat, feda ta zarce, ƙafata ta daki ƙasa. Ashe tiredin hob ɗin na Faransa ne. Tsofaffin kekunan ƙasar nan ma'auninsu daban: faɗin tiredin milimita 34.7, tsakanin zare da zare milimita 1 cif. Wanda duniya take amfani da shi yanzu kuwa ya samo asali daga na Ingila, zare 24 a kowane inci, wato tazarar ta ɗan haura milimita ɗaya da kaɗan. Ido ba ya ganin bambancin. Firiwil na Ingila a kan hob na Faransa yana hawa ne a kan bakin zaren kawai, da an matsa masa sai ya zame ya share tiredin. Ku duba nan, kun ga wannan garin alminiyom da ya maƙale a yatsana? Tiredin hob ɗina ne, Allah ya jiƙan rai.

Haka na nemo wata tsohuwar ƙafar baya mai tiredin Ingila. A nan ma sai da na sa ma'auni tsakanin ƙarafan firam biyu inda aksil yake zama: milimita 120. Wannan shi ne faɗin zamanin hawa biyar. Masu hawa shida da bakwai yawanci 126 ne, daga takwas zuwa sama 130. Firam na ƙarfe ana iya buɗa shi a hankali ya zauna a sabon faɗi, marigayi Sheldon Brown, wani masanin gyaran kekuna, ya bayyana yadda ake yi da katako da zare, amma kada ka kuskura ka gwada da na alminiyom ko na kabon. Ni dai ban taɓa nawa ba. Hawa biyar sun ishe ni, ba yawansu nake nema ba, sauƙinsu nake nema.

Ƙafar ta zo da tsohon firiwil a jikinta, bari ku ga yadda ake cire shi. Kowane kamfani da irin makullinsa, wannan mai kunne biyu ne, kuma masu kunne biyun nan su ne suka fi saurin cinye bakin firiwil idan suka goce. Shi ya sa nake zura sandar aksil ta cikinsa in ɗaure, ya zauna daram. Sai in kama makullin a bais, in kwantar da ƙafar a kai, in riƙe taya da hannu biyu kamar sitiyarin babbar mota, in juya hagu. Bismillah. Bai motsa ba. Shekara da shekaru kowane taku na mai keken yana ƙara ɗaure shi ne. Sake dai. Yauwa, kun ji ƙarar? Da ya saki, maza ka sassauta sandar nan kafin ka ci gaba da juyawa, in ba haka ba za ka lalata ta. Sabon kuma sai an shafa wa tiredinsa giris, a fara ɗaura shi da yatsu. In ya yi gardama a zagaye na biyu, tsaya, kada ka tilasta.

Mu dawo gaba. Nan ma ba kowane faranti ne yake hawa ba, ramukan kusoshi biyar ɗin nan ne suke yanke hukunci. Ana auna faɗin da'irar da suka zauna a kai. Na tsohon kamfanin Campagnolo milimita 144 ne, da wuya ka sauka ƙasa da haƙora 42. Na Shimano da aka saba gani 130, yana karɓar 38 ko 39. Mai 110 yana sauka har 34. Nawa Stronglight 93 ne, da'irarsa 122, iyakarsa 37. Mai 38 na samu, na ce Alhamdulillahi. Gargaɗi ɗaya: abin zare hannun feda na yau da kullum milimita 22 ne, tsohon Stronglight kuwa 23.35 yake so, na TA 23. In ka cusa ƙarami zai yi kamar ya kama, sannan ya fito da tiredin gaba ɗaya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, wannan karon sai da na aro na daidai.

Yanzu saura direla, wannan hannun na baya mai ɗauke sarƙa daga hawa zuwa hawa. Abu biyu ake tambayarta: haƙora nawa za ta iya hawa, kuma rarar sarƙa nawa za ta iya naɗewa. Na biyun lissafinsa haka: 52 a cire 38, saura 14, 28 a cire 14, saura 14, jimla 28. Direlar kamfanin Simplex da ke kai gajeren hannu gare ta, ta hau 28 ɗin, amma a ƙaramin gaba da ƙaramin baya sarƙa sai ta yi lako-lako kamar igiyar shanya. Kowa ce min yake in sa SunTour ta Japan mai dogon hannu, kuma suna da gaskiya, tun 1964 suka fito da ƙirar da take bin gangaren firiwil, da wa'adin mallakarta ya ƙare a 1984 sauran kamfanoni duk suka kwaikwaya. Matsalar ita ce kunnen firam ɗin nan, inda ake ɗaura direla, na Simplex ne, raminsa ba tiredi, kuma ba shi da ɗan tudun da direlar Japan take jingina da shi. Sai an yanka masa tiredi an goge shi da fayil. Keken da ya kai rabin ƙarni ba wanda ya yanke shi, ba a hannuna za a fara ba. Na nemo Simplex mai dogon hannu, ta zauna ba musu.

Sarƙa sabuwa ce, irin ta hawa biyar zuwa takwas. Tsawonta: naɗa ta a babban gaba da babban baya ba tare da ta bi ta direla ba, ka ƙara inci ɗaya, ka yanke. Sai sukurori biyun nan da suke yi wa direla iyaka. Na ciki shi ne mai muhimmanci, in ya yi sako-sako direla ta faɗa cikin sifok, ranar ta ɓaci.

Abin da ya sa duk wannan haɗin gambizar yake aiki shi ne waɗannan 'yan sandunan giya na jikin firam. Ba sa yin ƙas-ƙas irin na zamani, wanda Shimano ta yaɗa daga 1984, inda komai sai ya dace da ɗan uwansa. Waɗannan ja kawai kake yi har kunnenka ya ji sarƙa ta yi shiru. Ba ruwansu da sunan kamfani.

To ga mu a waje, a gindin tudun da ya saba sauke ni. Yanzu 38 ne a kan 28, mita 2.85 a kowane zagaye, an rage min kusan kwata, babbar giyar kuma tana nan yadda take. Na ja sanda, ta hau. Kuna jin hakina, amma ku lura, a zaune nake a kan sirdi. Ga fitilar titin da nake sauka a gindinta, mun wuce ta. Akwai wani ɗan kis-kis da nake ji a gaba, sarƙa ce take gogar direlar gaba, in mun kai sama zan tsaya in ɗan juya sukurun, sukundireba tana aljihuna.