Amsoshin Tambayoyinku: gyaran fuskar kwamfuta da saitinta

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Bauchi. Wasiƙun wannan mako duk a kan fuskar kwamfuta suke da 'yan saituttukanta, kuma duk waɗanda suka rubuto Windows suke amfani da ita.

Ta farko daga wani ɗalibi ce a Yelwa. Ya ce ya ɗora hoton da ya ɗauka a Wikki, can Yankari, a fuskar laftof ɗinsa, amma an yanke sama da ƙasa, ga shi kuma ya yi dishi-dishi. To ɗan'uwa, a tsaye ka riƙe waya ka ɗauki hoton, ita kuwa fuskar kwamfuta a kwance take. Ka danna maɓallin dama na maus a inda babu komai, ka zaɓi Personalize, sannan Background. A ƙasa akwai wurin zaɓen yadda hoto zai zauna. Fill yakan cika fuskar ta hanyar datse gefuna, shi ne abin da ya same ka. Fit zai nuna hoton gaba ɗaya, ya bar fili hagu da dama. Stretch kuwa ka rabu da shi, miƙe hoto yake yi har mutum ya koma wata halitta. Dishi-dishin kuma, in ta WhatsApp ka turo hoton, ita ce ta matse shi; ka kwaso na ainihi da kebul. Idan ka tarar wurin ya ƙi taɓuwa, lasisin Windows ɗinka ne ba a kunna ba. Duk da haka in ka danna dama a kan hoton kansa ka zaɓi Set as desktop background, zai hau.

Wata malamar makaranta daga Azare ta ce rubutun kwamfutarta ya yi mata ƙanana, wani ya taɓa mata saiti, ya ƙara girma amma ya daina fita tangaran. Malama, adadin ɗigon fuskar ya rage miki, kuma ba nan ake gyarawa ba. Kowace fuska da nata adadin da aka ƙera ta da shi: tsofaffin laftof galibi 1366 x 768, sababbi 1920 x 1080. Ki danna maɓallin Windows tare da harafin I, ki shiga System, sannan Display, ki mayar da adadin kan wanda aka rubuta Recommended a gabansa. Daga nan sai ki je Scale, ki ɗaga daga 100% zuwa 125%, in bai ishe ki ba 150%. Rubutu zai girma ba tare da ya dusashe ba. Tunda kuma da dare kike shirya darasi, a wannan shafin akwai Night light, yana rage shuɗin hasken da ke gajiyar da ido.

Sai Alhaji mai shagon buga takardu a Wunti, wanda ya wayi gari ya tarar duk alamomin da ke fuskar kwamfutarsa sun ɓace, an ce masa sai an yi fomatin. Alhaji, don Allah kada ka yarda tukuna. Ka danna dama a fili, ka je View, ka duba ko akwai alamar maki a gaban Show desktop icons. In babu, ka danna, komai zai dawo nan take. Yaran shago kan cire shi ba da saninsu ba. Fomatin kuwa shafe duk abin da ke fuskar yake yi har da takardun mutane, domin a sashen C na ma'ajiyar kwamfutar suke ajiye tare da Windows ɗin kanta.

Tambayar da muke so a saurara da kyau daga Misau ta zo. Mai wasiƙar ya ce agogon kwamfutarsa kullum ba daidai yake ba, shafukan intanet kuma suna ƙin buɗewa. Malam, cuta biyu ce mai kama da juna, sai ka rarrabe. Idan mintoci daidai suke amma awanni ne suka kauce, yankin lokaci ne. Kwamfutocin tokumbo kan zo da lokacin Amurka ko Ingila. Ka shiga Time & language, sannan Date & time, ka zaɓi wanda aka rubuta UTC+01:00 West Central Africa, shi ne namu na Najeriya, ka kuma kunna saitin lokaci na kai tsaye. Amma idan duk lokacin da aka ɗauke wuta kwanan wata ya koma shekarun baya, ba saiti ba ne. Akwai ɗan batir mai kamar kwabo a cikin kwamfutar, lambarsa CR2032, mai volt 3, shi ke riƙe agogo in an kashe ta. Ya mutu, sai an sake. A ta tebur kana buɗe murfin gefe za ka gan shi, amma ka cire ta daga wuta tukuna. A laftof kuwa ka kai wa mai gyara, don sau da yawa a lulluɓe yake da 'yar wayarsa a can ciki. Dalilin ƙin buɗe shafuka shi ne, kowane amintaccen shafi yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. In kwanan watanka ya faɗa wajen wannan tsakani, sai burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta ƙi yarda da shi.

Ta ƙarshe daga wata 'yar'uwa a Ningi, tana tambayar yadda za ta rubuta ƙ da ɗ da ɓ. Windows tana da kibod na Hausa a cikinta, ba sai kin sayi komai ba. Ki shiga Time & language, ki je sashen harshe, ki danna Add a language, ki rubuta Hausa ki ƙara. Maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara zai riƙa sauya miki tsakanin Turanci da Hausa. Kina kan Hausa, sai ki riƙe Alt na hannun dama ki danna k, d ko b. Na hannun hagu ba zai yi ba, a nan mutane da yawa ke tsayawa su ce abin ya ƙi.